Ƙullin Gidan Roko

Asabar, 17 ga Agusta, tara da rabi na safe

Mirela, ajiye jakar nan ki zauna. Yanzu nake nufi, ba anjima ba. Na san akwai masu jiran allurarki a saman gari, su jira, ba yau za su mutu ba. Ki saurare ni tun bakina bai sake rufewa ba. Littafin nan na awon jini, wanda likita ya ce a riƙa sa rana da lokaci, juya shi ta baya, inda maƙwabciyata Dinka ba ta buɗewa. Ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara. Ni ce Perina matar marigayi Roko, shekarata tamanin da ɗaya, ban taɓa zama a aji ba, ko sunana gicciye nake zanawa a madadinsa.

Ran Alhamis, ranar idin Maryamu, wajen sha ɗaya, babur ɗin ruwa ya buge Barba Bepo. Barba muke ce wa dattijo a nan. Kin sani, ke ce nas, ke kika riƙe masa kai a gaɓa. Amma ki rubuta, takarda ba ta nan ran nan. Shekara arba'in kullum sai ya yi iyo daga matakalar coci zuwa Hancin Dutse ya dawo. Yanzu yana asibitin birni, kafaɗa a karye, kai a fashe, bai farka ba.

Wanda ke kan babur ɗin mijin Tonka ne 'yar mai burodi, Damir, ɗan tudun nan, ba haifaffen tsibirinmu ba, da ya kawo babura huɗu yana ba baƙi haya.

Bara hukumar tashar jiragen ruwa ta ja igiya mai ƙwallaye ruwan ɗorawa, daga matakalar coci har zoben ƙarfen da ke Hancin Dutse. Carbi muke ce mata. Cikin carbi na masu iyo ne, inji ba ya shiga. A ciki aka buge Bepo. Ɗan tudun ya rantse bai shiga ba, ya ce ran nan carbin ba a wurinsa yake ba, ya matso ciki. Jiya 'yan sanda suka zo a jirgin safe, suka auna, suka tarar da carbi daram a zobensa. Sun karɓe masa takardun tuƙi, sun ce ya jira kiran kotu. An ce shiga carbi da inji, ga mutum a kwance, ɗauri ne.

Tagata ce kaɗai ke kallon wurin. Kowa ya san haka.

To.

A'a, bari. Nawa ne jinin? Ɗari da tamanin. Rubuta wannan kawai, ki tafi wurin masu allurarki.

Lahadi, 18 ga Agusta, biyar na yamma

Dinka ce ta auna ni yau. Ɗari da saba'in da biyar. Ta ce in faɗi abin da babura suka yi mana, za ta haɗa da takardar koken da take yawo da ita gida gida.

To ga shi. Tun da suka zo ba mu da baccin rana. Kamar ƙuda ya shiga kwalba, haka suke yi tun safe. In suka wuce, ruwan da suka tayar ya riƙa buga ƙananan jirage da bango, gefen kwalekwalena duk ya goge. Kifi ya gudu daga bakin tasha. In ka shanya zane sai ka ɗauke shi da warin fetur. Manyan jiragen baƙi ma haka suke shigowa, kamar ana binsu.

Duk gaskiya ne. Dinka ta ce in ce barazana ce ga rayuka. Ita ta koyar a makaranta shekara talatin, ita ta san yadda ake faɗa. Sa hakan.

Ta tambayi abin da ya sami tafin hannuna. Igiyar shanya ce.

Talata, 20 ga Agusta, tara da kwata na safe

Ta baya, Mirela, ta baya.

Tonka ta kawo mini burodi da sassafe kamar kullum, da cikinta wata bakwai. Teta take ce mini, wato gwaggo. Ta ce, "Teta Perina, mai ɓawo na zaɓo miki, ki jiƙa a kofi." Na ce ta ajiye a kan kujera. Ban ce ta shigo ba. Yarinyar da ni na riƙe ta a coci ranar baftismarta.

Akwai kifi a firjina, can sama wurin ƙanƙara. Irin mai manyan haƙoran nan ne, ya kai tsawon hannuna. Ran idi na kama shi. Na bi ta gaɓa da shi a hannu, ba a kwando ba, don a gani. Barba Shime mai kula da tasha yana zaune, ya ce, "Perina, wannan tsufa ne ya kashe shi, ko neman aurenki ya zo?" Na ce, "Ko ma mene ne ya fi ka zuciya, shi ya iso ƙofa." Aka yi ta dariya. Na ji daɗi ran nan. Ki rubuta na ji daɗi.

Ban ci ba. Ba zan iya ba. Ɗauki ki kai wa yaranki. A'a, bar shi, kar ki taɓa.

Ɗana ya bugo waya daga Jamus. Tun bara ya gaya mini, ranar da na yi kuskure ɗaya a kan ruwa za a sayar da kwalekwale, ni kuma sai gidan tsofaffi na birni, inda taga ke kallon wurin ajiye motoci. Ya ce, "Mama, ba ki dai fita ruwa ran nan ba ko?" Na ce ina coci.

Ina coci. Daga baya.

Laraba, 21 ga Agusta, goma na safe

Ɗari da tamanin da biyu. Bepo bai farka ba. Rufe mini tagar nan.

Juma'a, 23 ga Agusta, tara na safe

Jiya da yamma ɗan tudun ya zo. A matakala ya tsaya, hula a hannu, ya ƙi zama.

Ya ce, "Teta Perina, ban zo in ce ba ni da laifi ba. Na yi gudu fiye da yadda aka ce, na gaya wa 'yan sanda da bakina. Amma ban tsallaka carbi ba. Ƙarshensa yana nan ƙasan gidanki, wajen matakalarku. Ƙwallayen suna hannun damana, ina kallonsu. Ke ba ki gani ba?"

Na ce idona ba ya ganin nesa.

"Ke da kike gane jirgin safe tun yana bayan tsibiri, har ki ce yau wane ne matuƙi?"

Na ce wannan da ne.

Ya ce, "Makon jiya ne, Teta."

Na yi ta kallon takalminsa. Ya ce har surukinsa yanzu kallon maƙaryaci yake yi masa. Ya ce, "Shekara shida ina garin nan, har yau ɗan tudu. Na iya iyo fa." Ya yi wata dariya da ba dariya ba.

Da zai tafi ya ga tukunyar gas da aka ajiye mini a ƙasa tun Litinin. Bai tambaye ni ba, ya saɓa ta a kafaɗa, ya hau da ita matakala ashirin da biyu, ya haɗa mini, ya kunna ya gwada. Ya ce, "Sai da safe."

Ban kunna murhun ba tun jiya. Ɓaure busasshe nake ci.

Litinin, 26 ga Agusta, tara da rabi na safe

Ba ki zo taron jiya ba, kin huta. A zauren makaranta aka yi, har bakin ƙofa mutane.

Dinka ta tsaya a gaba da takardunta. Ta ce a roƙi hukuma ta fitar da babura daga tashar gaba ɗaya, kowane jirgi mai inji kuma ya yi tafiyar ƙafa har sai ya wuce jan ginshiƙin da ke bakin tasha. Mai gidan abincin gaɓa ya miƙe ya ce, "Ku kori babura ku kori baƙi, in ga wanda zai ci kifinku." Wani masunci ya ce masa, "Baƙinka ba kifi suke ci ba, hotonsa suke ɗauka." Shime ya ce, "Ni da za a bar wa gadi, a gaya mini tafiyar ƙafar wa. Ta Perina ko ta Dinka? In ta Dinka ce ai gara babur ɗin." Aka kwashe da dariya, har Fada.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mutum yana kwance tsakanin rai da mutuwa kuna raha. Ga Teta Perina nan, tagarta ta ga komai. Shekara uku tana shan wannan azaba, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba."

Sai suka juyo. Suka tafa mini, Mirela. Aka kawo kujera mai hannu, aka zaunar da ni a gaba kamar amaryar bishop. Daga nan ina hango Tonka a tsaye can baya, hannu a ƙugu saboda nauyin ciki. Benci dogo, ba wanda ya matsa mata.

Na ce fitsari nake ji, na fita. Ban koma ba.

Talata, 27 ga Agusta, takwas na safe

Tonka ce ta auna ni, Mirela ta tafi birni. Ɗari da casa'in. Iska daga kudu. Ba ni da abin faɗa. Na gode da burodi.

Alhamis, 29 ga Agusta, tara na safe

Sa sakata. Yau in na ce bari, kar ki bari.

Kowane gida a tsibirin nan yana da gurbinsa na kamun kifi a teku, kin san wannan ko da ku ba masunta ba ne. Ba a faɗa, ko ga surukinka. Namu, in ka tuƙa har hasumiyar coci ta hau kan itacen ɓauren gidan Bepo, to kana kansa. Gaba goma sha biyu zurfinsa, akwai rami a ƙasa. Kakan Roko ne ya gano shi. Ni Roko bai nuna mini ba sai da na haifi ɗa. A nan nake nutsar da gurata, kwandon wayar nan da ke bayan ƙofa.

Da hukuma ta zo jan carbi, sai ta bi ta kan gurbin daidai. Ba su tambayi kowa ba. Da sun tambaya ma ba zan faɗa ba. Igiyarsu tana sarƙewa da tawa, kuma an hana sa gura a wurin masu iyo.

To, sai na yi dabara. Duk bayan kwana uku, gari na fara haske, in tuƙa in je Hancin Dutse in kwance ƙarshen carbi, in jawo shi in maƙala a tsohon zoben da ke matakalarmu. In ɗago gura, in kwashe, in sa mata busasshen burodi da kan sardin, in mayar. Sannan in mayar da carbi zobensa kafin mai iyo na farko ya sauko. Daga gaɓa ba a gani, dutse ya kare. Bara duk haka na yi, bana ma. Ko sau ɗaya ban kuskure ba.

Ran idi na ɗago gura na ji ta da nauyi. Rabon da in ga irin kifin nan tun Roko yana raye. Ya yi ta dukan waya, ni ina kokawa da shi. Kafin in gama da shi ƙararrawar coci ta buga. Ni ce ta uku a layin masu kyandir a bayan mutum-mutumin Maryamu, tun ina da shekara sha biyar. Na kama filafili na yi gida. Abin da ke kaina kawai shi ne fuskar Shime in ya ga kifin.

Na manta. Amma ba tsufa ne ya mantar da ni ba, kar ki sa tsufa. Son a gani ne.

Bepo ba ya kallon ƙwallaye. A matakala yake barin tabarau, ya shiga yana ƙirga hannu, ɗari huɗu, ya taɓa dutse ya juyo. Tun kafin a san da carbi haka yake yi. Shi kuwa wancan, ƙwallayen kawai ya sani. Ɗan gari yana bin abin da ya saba, baƙo yana bin abin da aka sa masa. Kowa a kan hanyarsa yake. Ruwan da ke tsakani, ni na buɗe shi.

Ina taga ina fere kifi bayan an taso daga coci. Na ga farar hular Bepo, na ga babur ya zagayo dutse. A lokacin na ga carbin a ƙasan gidana. Duka uku a kallo ɗaya. Na buɗe baki, ban san ko na yi ihu ba.

Bari in sha ruwa.

Mantuwa, wataƙila Allah ya yafe. Ga wanda ba mantuwa ba. Wajen ƙarfe biyu, jirgin asibiti ya tafi, rana ta take, kowa ya shiga ya ja taga. Na sauka. Na kwance, na tuƙa, na ja. Da rana iska tana tura ƙwallayen, igiyar ta yi nauyi, ita ce ta ci mini hannu. Na ɗaure a Hancin Dutse na dawo na kwanta, kamar mai baccin rana.

Ba igiyar shanya ba ce.

Kin daina rubutu. Kar ki kalle ni haka. Rantse da yaranki ba za ki faɗa ba sai na ce. Rantse, Mirela. Kin taɓa shiga gidan tsofaffin nan, kin san warinsa.

Asabar, 31 ga Agusta, goma na safe

Ɗari da casa'in da biyar. Na ji. Na ce na ji. Ba yau ba.

Litinin, 2 ga Satumba, tara da kwata na safe

Ashe ba mu biyu ba ne.

Jiya an taso daga coci Shime ya jero da ni. Bai yi tsokana ba, nan na san akwai magana. Sai da muka wuce rijiya ya ce, "Perina, ran Juma'ar nan, kafin jirgin 'yan sanda ya iso, na je duba carbi. Ni na ɗaure shi bara da hannuna. Ƙullin da na tarar ba nawa ba ne."

Na ci gaba da tafiya.

Ya ce, "Bahagon ƙulli, mai wutsiya biyu. Mutum ɗaya na sani da yake yinsa, yana kwance bayan coci shekara tara."

Roko bahago ne, ubansa ma haka. Yadda kowa ke zagaya igiya, su ta ɗaya gefen suke zagayawa, su sake cusa bakin. Shi ya koya mini, ban san wani ba. Ko buhun dankali zan ɗaure haka hannuna yake yi. Ina ta sauri kar a gan ni, ashe sunana na bari a zoben. Ni da ban iya rubuta suna ba.

Na ce, "Ka gaya wa wa?"

Ya ce, "Na kwance na yi nawa."

Na ce don me.

Ya ce, "Shekarar babbar iska wa ya ciro ƙanena daga ruwa? Ba Roko ba? Kuma ke tamu ce. Shi da sauran ƙarfinsa, ya yi shekara ɗaya ko biyu ya fito, ya koma tudunsu ya noma masara. Gudun dai ya yi shi, ba ƙarya aka yi masa ba. Ke ina za ki koma? Abin da teku ta rufe, a bar mata."

Ya kawo ni har ƙofa. Ya ce, "Ki ci kifin nan, tsohuwa, kafin ya fi ki tsufa."

Kin san abin da na ce masa? Na gode. Haka na ce. Rubuta.

Alhamis, 5 ga Satumba, tara na safe

Jiya Dinka ta zo da wata takarda daban, ba ta koke ba. Ta kotu ce. Ta sa tabarau ta karanta mini. Wai ni Perina, ina tagata ranar sha biyar ga Agusta, na ga carbi a wurinsa na kullum, na ga babur ya tsallaka shi a guje.

Ba ƙarya ta shirya ba, ita haka ta ɗauka. Ta ce, "Haka ne ko, Teta? In akwai gyara ki faɗa." Ta jira. Har kofi ta zuba mini.

Ta ce da wannan takarda hukuma ba ta da bakin ƙin dokar, jikokinmu za su yi iyo lafiya. Na yi ta gaya wa kaina dokar tana da kyau. Tana da kyau ɗin, Mirela, har yanzu ina so a yi ta. Wata rana yaro za su buge.

Ta ɗora yatsa inda zan sa. Na zana gicciye. Alamar da Ubangiji ya mutu a kai, ita na sa.

Ina za ki? Ba ki gama ba. To, na ji, ba za ki ƙara rubuta mini komai ta baya ba. Kina da gaskiya. Sa wannan na ƙarshe: hannuna bai yi rawa ba. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Asabar, 7 ga Satumba, huɗu na yamma

Dinka ce ta auna ni. Ɗari da saba'in. Bepo ya farka. Tabarau ya fara tambaya. Bai tuna komai ba, ya ce ƙirgarsa ta kai ɗari uku da sittin ne kawai. Hannun dama ba zai ƙara ɗaguwa ba. Dinka ta ce Allah ya ji addu'armu. Haka ne.

Ta ce yanzu mutane daga jirgin safe suke sayen burodi, shagon su Tonka ba kowa. Ta ce ita ba ta ce a yi haka ba.

Kotu ran Alhamis.

Lahadi, 8 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Dinka. Ban je coci ba, ƙafa ce. Ki sa ƙafa.

Talata, 10 ga Satumba, takwas saura kwata na safe

Na gode da kika zo. Na san ba ranarki ba ce. Juya ta baya, wannan karon ba za ki yi nadama ba.

Kin ga iskar kudun da aka yi jiya. Tun ranar idi ban taɓa kwalekwale ba, yana ɗaure a ƙasa, ruwa yana ɗaga shi yana maka shi da matakala. Ina ji daga ɗaki, kowane bugu. Na ce ya fashe ma in huta.

Sai na ji bugun ya tsaya. Na leƙa. Ɗan tudun ne, a cikin ruwa har ƙugu, da kayansa. Babura yake lodawa a gaɓa, an sayar, ya hango. Ya turo kwalekwalen har kan tudu shi kaɗai. Na sauko da tawul, ban san me ya sauko da ni ba.

Na tarar ya tsuguna yana juya igiyar a hannu. Ya ce, "Teta, shekara shida ina kallon ƙullin nan naki, na gwada na gwada ya ƙi. Iska kamar wannan bai motsa ba. In na dawo ki koya mini, in koya wa yaron."

In na dawo. Haka ya ce, kamar mai zuwa kasuwa. Tonka ta riga ta haɗa masa jaka, har da safa mai kauri. Za a haifi yaron yana can.

Ban san ko ya gane ba. Ban ga alama ba. Ya karɓi tawul ya goge kai, ya ce in shiga kar sanyi ya kama ni.

Roko yana cewa ƙullinmu ba ya kwancewa da kansa, sai wanda ya yi shi ya sa hannu. Jirgi yake nufi, ba wani abu ba. Amma tun jiya maganar take zaune a ƙirjina.

To ki rubuta da manyan baƙi. Gicciyen da na sa a takardar Dinka na ƙarya ne. In sun ce tsohuwa ta ruɗe, su zo su duba zoben matakalarmu, tsatsar ciki ta goge fes, zaren igiyarsu mai ruwan ɗorawa yana maƙale a jiki. Su duba hannuna. Su buɗe firji, rabin gari ya gan ni da kifin nan da safiyar idi. Gurbin ma zan nuna musu, hasumiya a kan ɓaure, su rubuta a taswirarsu kowa ya sani. Roko ya yi haƙuri.

Tsoro nake ji, kar ki ɗauka ya tafi. Na san tagar da zan ƙarasa kallo. Dinka ba za ta ƙara auna ni ba, ta yiwu dokarta ma ta sami tangarɗa saboda ni. Matar Bepo, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Duk za a gaya musu, amma a jere. Shime ki biya ta wurinsa daga baya, ya shirya, don ba zan ɓoye nasa ba in an tambaye ni. Ɗana shi ne na ƙarshe, da yamma, in na ci abinci. Fada ya jira, Allah ya riga ya sani, ba labari zan ba shi ba. Na Bepo ya riga ya faru, ba zan iya mayar masa da hannu ba. Na mijin Tonka ne ake kan yi, kuma ni nake yi.

Ba ki lura ba? A littafin nan kaf sau ɗaya na kira sunansa, ranar farko, don dole. Rubuta shi yanzu. Nuna mini. Wannan ne? Gajere ne ashe.

Jirgin tara bai tashi ba, shi kuwa yana gaɓa da babur na ƙarshe. Bar abin awon, je ki. Ki ce ya hau, ya zauna a kujera, ba a matakala ba. Kafin 'yan sanda, kafin Tonka ma, wanda za a fara gaya wa Damir ne.